Wayar da Alkasum Bai Kwance Ba

Duk mai mota a Damagaram da ya taɓa murza makulli da safe ta amsa masa da ƙat-ƙat ta yi shiru, da wuya a ce ba a taɓa tura shi wurin Alkasum mai batir ba. Rumfarsa tana bakin gudro, wato titin kwalta, a hanyar Mirya, gindin wani dogon-yaro da ruwan batir ya hana ko ciyawa ɗaya tsirowa kusa da shi. Ba allo, ba suna. In ka hangi wani dattijo siriri, rigarsa duk ƙananan huji kamar gara ta yi biki a kanta, to ka iso. Matarsa Jummai ta daɗe da daina ɓata ranta a kan rigunan nan. Ta ce ko ta ƙarfe aka ɗinka masa, ruwan batir sai ya sami hanya.

Ɗan maƙeran fari ne na cikin Birni. Ubansa zobe da munduwa yake ƙerawa, a gabansa ya koyi narka dalma da liƙi tun yana ɗan mitsitsi. Da mata suka koma kayan kanti, sana'ar ta ja da baya, sai ya ɗauki hannun nan nasa ya tafi tasha, ya zauna gindin masu gyaran wutar mota har ya zama ana nuna shi. Ba don sauƙin hali ake zuwa wurinsa ba, don ba shi da shi. Bakinsa ne ba ya lallashi. In batirinka ya gama aiki, zai dube ka ya ce, "Wannan ya mutu," ya juya ya ci gaba da abin da yake yi. Ka roƙe shi ya ƙara masa ruwa, ko ya jefa ƙwayar ciwon kai a ciki kamar yadda wasu ke yi don ya ɗan farfaɗo, sai ya nuna maka hanya da haɓa. Mutum ya tafi yana zaginsa, ya zaga gari, ya dawo.

Bayaninsa ɗaya ne, har direbobi sun haddace shi. Batir tulu ne, in ji shi, dinamo kuwa, wato abin nan da ke juyawa da bel yana cika batir in mota na tafiya, shi ne mai ga-ruwa. In ka wayi gari tulunka ba komai, ko dai tulun ya tsage, ko mai ga-ruwa bai zo ba, ko kuwa akwai mai sha a ɓoye. Sai ya bi su. Ya kunna fitilun gaba ya murza makulli ya ga yadda hasken ke faɗuwa. Ya danna bel da babban yatsa ya ji ko ya saki. In kawunan batir sun yi farin gishiri, ya wanke su da ruwan zafi da kanwa. In mota ta tashi, ya kai bakin sukuddireba bayan dinamo ya ji ko yana jan ƙarfe. Abu ɗaya ne ba ya yi, ba ya kuma yafe wa mai yi: cire kan batir inji na aiki don a ga ko mota za ta mutu. Gwajin 'yan tasha ke nan, kuma direbobi, Allah ya shirye su, sun fi yarda da shi fiye da rantsuwa. Alkasum ya ce ba gwaji ba ne, kashe dinamo ne da hannunka.

A kan wannan gwajin ya fi faɗa da ɗansa na fari, Nazir.

Nazir bahago ne. Hannunsa da sauri, kansa da sauri, haƙuri ne bai gada ba. In ya murɗe waya, baibai take tafiya, ta hagu, yadda ko cikin wayoyi ɗari uban zai gane tasa. Kasancewarsa ɗan fari, Alkasum bai taɓa kiran sunansa ba, sai "kai", sai "yaron nan". Da ya yi zuciya ya sayi wata tsohuwar bashe, irin akori-kurar nan mai tampol da ke ɗaukar 'yan kasuwa zuwa ƙauyuka, sai ya koma "mai motar nan". A jigilar kasuwar Durum ya ga Sakina, 'yar wani manomi Malam Yakuba, ya aure ta ya kawo ta gidan ubansa.

Ba su daɗe da aure ba maganar zinariyar Jado ta cika gari. Wani mai kat-kat, motar nan mai ratsa rairayi, da ke kai mahaƙa arewa yana neman wanda ya san wutar mota ya riƙa binsa, Nazir ya ce shi ne. Uban ya hana, ya yi faɗa, ya yi fushi. Daga baya ya yi shiru, shirun da yaro ya ɗauka izini ne. Ran tafiya Nazir ya tura bashe cikin gida, ƙarƙashin rumfar kara kusa da zaure, ya miƙa makulli hannu biyu.

"Baba, a riƙa tada ta. Kada batir ya kwanta kafin in dawo."

"Ni za ka koya wa batir?" in ji Alkasum.

Iyakar sallamarsu ke nan.

Ya bugo waya daga Agadas, ya bugo daga Dirku. Daga nan shiru. Ba wanda ya damu da farko, an san can ba rezo, waya ba ta kamawa. Abin da ya dami Alkasum motar ce. Ya cika batir ya ɗora, kwana kaɗan ya zo tada ta, ta ce ƙat-ƙat. Ya sake cikawa, ta sake. Ya kawo wani batir da ya san lafiyarsa, shi ma ya kwanta. Tulu bai tsage ba ke nan, akwai mai sha.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ɗauko ɗan ƙwan fitilarsa na gwaji, mai waya biyu. Yadda ake kama ɓarawon wuta ba wuya. Ka kashe komai, ka zare makulli, ka cire kan batir ɗaya, ka sa ƙwan a tsakani. In bai kama ba, ba mai sha. In ya kama, sai ka bi fiyus kana zarewa ɗaya bayan ɗaya, wanda ka zare ƙwan ya mutu, ɓarawon yana kan layinsa. Ƙwan ya kama, ja-ja, ba ƙarfi. Alkasum ya zare na fitilu, yana nan. Ya zare na oda, yana nan. Ya zare duka ya zube a kan kujera, ƙwan bai ko ƙifta ba. Waya ɗaya ta rage da ba ta bi ta fiyus, katuwar nan ta bayan dinamo. Ya ɗora sifana a kan notin ke nan aka yi sallama a zaure.

Wani direban arewa ne, bai taɓa ganinsa ba. Ya ƙi zama a tabarma, ya tsuguna a ƙasa. Ya ce an ga kat-kat ɗin su Nazir can cikin hamadar Tenere, nesa da hanya. Murfin inji a ɗage, bidunan ruwa, wato jarkoki, a zube ba ko ɗigo, ba kowa. Iska ta shafe sawu. An gaya wa jandarma, an zaga, ba a ga komai ba.

"Batirin fa?" in ji Alkasum. Shi kansa bai san dalilin da ya sa wannan ce tambayar da ta fito ba.

"Yana ƙasa gefen motar. An buɗe murafunsa."

Dalili biyu ke sa mutum ya buɗe murafun batir a tsakiyar rairayi. Ko yana duba ruwan, ko yana neman ruwan. Alkasum ya tsaya a kan na farko, ya hana ransa wucewa.

Da baƙon ya tafi, ƙafarsa ba ta kai shi ɗaki ba, wurin motar ta mayar da shi. Ƙwan yana nan a kunne yadda ya bar shi. Makulli yana aljihunsa, fiyus suna kan kujera, komai a kashe, amma ga wani abu yana ja a hankali, a hankali, kamar mai kurɓa. Tsigar jikinsa ta tashi. Jummai, wadda ta ji komai daga bayan zana, ta zo ta tsaya a bayansa, idonta a bushe, ta ga ɗan jan hasken.

"Malam, me ke shan wutar?"

Ya dubi sifana a kan notin. Ya sa hannu ya ɗauke ta.

"Ban gama dubawa ba," ya ce.

Ba ƙarya ya yi ba. Bai gama ba, kuma bai sake yunƙurin gamawa ba.

Haka gidan ya shiga wani irin zama da ba shi da suna. Ba gawa, ba jana'iza, ba a shimfiɗa tabarmin gaisuwa ba. Maƙwabta su zo ƙofar gida su rasa gaisuwar da za su yi, su haɗiye "ya haƙuri" su ce "ya gida". Alkasum ya tare su da "Allah ya dawo da shi lafiya," su ce amin suna duban ƙasa. Labarai suka yi ta zuwa. Wani ya ce ya gan shi a Sabha yana gyaran janareta. Wani ya ce yana tsare a wani wuri, za a sake shi. Ko wanne aka bi, sai ya narke a hannu.

Abin da bai narke ba shi ne ƙwan. Kowace Juma'a bayan masallaci Alkasum ya kawo cikakken batir a kan tsohon baburinsa, ya sauke wanda ya kwanta, ya ɗora sabo. Ya tada motar ta ɗan yi gunji, ya kashe. Sannan ya cire kai ɗaya ya sa ƙwan, ya kifa hularsa a kai don rana ba ta bari a gani. Jummai ta leƙa ƙarƙashin hular. Sakina, da kunyar suruki ta hana ta matsowa, ta tsaya a bakin ɗakinta tana duban fuskar Jummai. In Jummai ta ɗago ta gyaɗa kai, sai ta koma ciki. Ba wanda ya taɓa furta abin da hasken yake nufi. Amma su ukun sun san abin da kowa ya ɗauka, cewa muddin ana sha, akwai mai sha.

Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, shekaru suka yi ta tafiya. Tayoyin bashe suka sace, suka tsage. Sakina ce ke share ta kowace safiya, ta goge gilashi, ta kaɗe kujerar direba wadda har yanzu take da ramin zamansa. Unguwa ta fara cewa motar gidan Alkasum tana da iska, mata suka hana 'ya'yansu wasa kusa da zauren. Jummai ta ce takan ji motar ta yi ajiyar zuciya da tsakar rana, lokacin da kowa ya yi shiru. Alkasum ya san ƙarfe ne ke miƙewa da zafi, amma bai ce mata komai ba. Shi nasa ya fi wannan muni. Duk motar da aka turo rumfarsa, da mai ita ya murza makulli ta ce ƙat-ƙat, sai gudro ya ɓace masa, ya ga farin rairayi ba iyaka, ya ga bayan wani yaro sunkuye a kan inji, hannun hagu yana murɗa waya. A rairayi ba a tura mota. Sai ya ji maƙogwaronsa ya bushe, ya sha ruwa, ya sha, bai ji ya sha ba.

Abokinsa Lawali makanike, wanda rumfarsa ke jikin tasa tun suna samari, shi kaɗai ke iya taɓa maganar, shi ma da wasa.

"Kai Alka, motar nan taku ta fi akuya ci. Batir nawa ta cinye? In ba ka son gyara ta, ka cire kan batirin mana ka huta. Ko wanda ya fara koyo jiya ya san wannan."

Alkasum yana goge kan wani batir, bai ɗago ba.

"In na cire," ya ce, "me zai sha?"

Lawali ya daina dariya. Bai sake yin wannan wasan ba.

Ana nan, wata Alhamis, ran kasuwar Dole, aka turo wata motar jigilar garin Hamdara. Direbanta, Mai Nasara, mutum ne mai baki kamar rediyo. Tun kafin a sa mata dutse a taya ya fara bayani. Batir sabo ne fil, in ji shi, amma in ta kwana biyu ba a tada ta ba, shi ke nan. Kuma ya gano dalili. Gindin wata tsamiya yake ajiye ta, mutanen ɓoye ne ke zuƙe wutar. Ya yi turare, ya rataya laya a madubi, ya sauya wurin ajiya, sun biyo shi.

Alkasum ya ɗaga murfin inji. Ya sa ƙwan, ya kama. Ya zare fiyus duka, yana nan. Ya ɗauki sifana ya kwance wayar bayan dinamo, ƙwan ya mutu ɗif.

"Ga aljaninka," ya ce. "Cikin dinamo akwai wasu 'yan ƙofofi, diyod, da ke barin wuta ta fita zuwa batir, ba sa barin ta dawo. Ɗaya ta ƙone, ta tsaya a buɗe, wuta na komawa ta nan kana barci. Gaya mini gaskiya, ka taɓa cire kan batir inji na aiki?"

Mai Nasara ya sosa ƙeya. 'Yan kasuwar da ya ɗauko suka fashe da dariya. Alkasum ya ce ya cire layar nan ya mayar wa mai ita, aljannu suna da aikin da ya fi shan batirin motar Hamdara. Aka sake dariya. Sai ya juya zai ajiye sifana, idonsa ya faɗa cikin na Lawali. Lawali ba ya dariya, kallonsa kawai yake yi. Alkasum ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba a sana'arsa.

Ran nan kuma da la'asar Malam Yakuba, uban Sakina, ya biyo ta rumfar daga kasuwa, da ɗan ƙullin gyaɗa a hannu. Mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaga murya. Suka gaisa, suka tambayi damina, suka tambayi mutanen Durum gida-gida. Sai da gaisuwa ta ƙare sarai sannan ya gyara zama.

"Malam Alkasum, ba rashin kunya na zo yi ba. Kun riƙe yarinyar nan kamar ku kuka haife ta, Allah ya saka. Amma na tambayi malamai, sun ce shekarun da shari'a ta ɗiba wa matar wanda ya ɓata sun cika, har sun gota. In aka je gaban alƙali zai yanke, ta yi takaba, ta fita. Ƙannenta da aka aurar bayanta duk suna goyo. Uwarta ba ta barci."

"Ban ɗaure ta ba," in ji Alkasum. "Ƙofa a buɗe take."

"Na sani. Ita ta ɗaure kanta. Na yi lallashi, na yi faɗa. Cewa ta yi ba za ta taka gaban alƙali ba sai in daga bakinka ta ji. Ta ce duk Damagaram an san Baba ba ya ce wa matacce mai rai, tunda kuwa bai ce ba, to da sauran rai." Ya juya ƙullin gyaɗar a hannu. "Ni manomi ne, ban san wutar mota ba. Abin da ka sani shi za ka gaya mata."

Alkasum ya raka shi har bakin gudro. Da ya dawo bai iya ci gaba da aiki ba. Sai a ranar ya ga abin da ya daɗe yana kauce wa gani. Shi yana tsammanin kansa kaɗai yake yaudara, da ɗan batirinsa da ɗan ƙwansa, ba wanda ya cuta. Ashe gaskiyar da aka san shi da ita ce aka kafa a ƙofar ɗakin yarinyar nan, ta hana ta fita. Haushin kansa ya kama shi, ya haɗu da tsoro, don ya san abin da ake nema a wurinsa, kuma ba ya so.

Washegari Juma'a ya kawo batir kamar kullum. Ya ɗora, ya sa ƙwan, ya kifa hula. Jummai ta leƙa, ta ɗago, ta gyaɗa kai. Amma ran nan Sakina ba ta koma ɗaki ba. Ta tako tsakar gida a hankali, ta zo ta durƙusa nesa kaɗan da shi, kanta a ƙasa. Sai lokacin ya dube ta sosai. Yarinyar da aka kawo da kumatu ta zama mace doguwar fuska, ƙashin wuya a waje.

"Baba," ta ce, "ka yi mini aikin gafara. Tambaya ɗaya gare ni."

"Ina jin ki."

"Da motar wani ce aka kawo maka, me za ka ce?"

Jummai ta buɗe baki za ta tsawata mata, ta fasa. Alkasum ya daɗe yana duban hular. Da Sakina ta yi kuka, ko ta ce ta gaji, da ya sami abin cewa. Amma tambayar aiki ta yi masa, shi kuwa bai taɓa karkata amsar tambayar aiki ba.

"Da na ce saura waya ɗaya," ya ce. "Miƙo mini sifanar can."

Ta miƙo hannu biyu. Ya ɗauke hular, ya ce Jummai ta kare ƙwan da mayafinta yadda kowa zai gani. Ya zare fiyus duka, hasken yana nan. Ya sunkuya bayan dinamo. Notin ya yi tsatsa, ya ƙi. Sai da ya kama sifanar da hannu biyu. Notin ya yi ƙara ya saki. Ya ja wayar.

Ƙwan ya mutu.

Alkasum ya tsaya da wayar a hannu yana jiran ko hasken zai dawo, alhali ya fi kowa sanin ba zai dawo ba. Ya ji kamar shi ne ya janye ƙwarya daga bakin mai ƙishi.

Don kada ya tsaya haka, sai ya ci gaba da aiki. Ya sassauta bel, ya kwance dinamon, ya zauna a ƙasa ya ɗora shi a kan buhu, ya buɗe bayansa. Ga diyod ɗin nan da ta lalace. Amma ba ta asali ba ce. Ta asalin an cire ta, wurinta ya yi baƙi da ƙuna, an samo wata tsohuwa daga wani mataccen dinamo an cusa, an ɗaure ta da 'yar waya, an ɗiga mata dalma guda, ƙatuwa, mummuna, aikin gaggawa na mai gudun kada a kama shi. Ya kai ta kusa da idonsa. Murɗin wayar baibai yake, ta hagu.

Nan ya ga komai kamar a gabansa aka yi. Yaro ya yi gwajin 'yan tasha, ya ƙone dinamo ana gab da tafiya, ya ji tsoron bakin ubansa, ya ɓuya ya liƙe, ya miƙa makulli hannu biyu kamar ba shi ba.

Wata irin dariya ta kuɓuce masa, wadda ba ta da daɗin ji.

"Ka gani ko? Sau nawa na gaya maka? Sau nawa? Kada ka cire kan batir inji na aiki! Dubi liƙi, don Allah. Ɗan maƙera, jikan maƙera, dubi abin da ka ɗiga kamar kashin kaza. Da ka kawo mini ai da na yi faɗa na gyara, faɗan nawa cizo yake? Kai Nazir, kai Nazir..."

Jummai ta dafe ƙirji. Tun ran suna ba ta taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Alkasum ya shafa murɗin wayar da babban yatsa, hawaye na bin gemunsa suna ɗiga a kan buhu, bai share ba.

"Allah ya jiƙanka, Nazir," ya ce. "Allah ya shayar da kai."

Kukan da Jummai ta riƙe duk shekarun nan ya ɓalle, har maƙwabta suka ji ta kan katanga. Sakina ta kifa kai a kan gwiwa, kafaɗunta na girgiza. Da ta ɗago, sai ta ce amin, a hankali, kamar mai sauke kaya.

"'Yar nan," ya ce mata, "gobe ni zan je Durum da ƙafata in zo da mahaifinki, mu je gaban alƙali tare. Ki yafe mini tsayuwar da na sa ki." Ya juya ga Jummai. "A fito da tabarmi."

Lawali ne ya fara isowa. Ya cire takalmi, ya tsuguna, ya yi gaisuwar da ya daɗe yana haɗiyewa. Alkasum ya amsa.

Sakina ta yi takabarta ta koma Durum, daga baya ta yi aure a Garagumsa. Ran da ta haihu, Alkasum da Jummai aka fara aiko wa goro. Bashe kuwa ya gyara ta da kyau, ya saka mata diyod ta kirki, ya ba wani ɗan 'yar'uwarsa yana jigilar kasuwanni da ita, batirinta na kwana ya tashi lafiya. Tsohuwar diyod ɗin da murɗinta tana cikin aljihun gaban rigarsa, ƙulle a tsumma, shi ne aljihu ɗaya da yake kiyayewa daga ruwan batir.

In ka je rumfarsa yanzu, bakinsa yana nan yadda ka san shi, zai ce maka batirinka ya mutu ko gaisawa ba ku gama ba. Abin da ya ƙaru shi ne wata babbar randa a gindin dogon-yaron, da moɗa ɗaure da igiya, sadaka ga duk mai wucewa. A garin da ruwa ke wuya irin Damagaram, ba ta taɓa wuni ba komai ba. Ko famfo ya ɗauke, sai ya nemo mai ga-ruwa.

Yakan cika ta kafin ya tashi, ya rufe da faifai ya ɗora dutse. Wani lokaci da safe ya tarar dutsen yana inda ya ajiye shi, ba sawu a ƙasa, amma ruwan ya ragu. Randar ba ta yoyo, wannan ya duba. Sauran bai duba ba. Sai ya kira mai ga-ruwa a cika ta.